Fenti Mai Ɗinke Rauninsa

Dukanmu mun sani babban maƙiyin ƙarfe shi ne tsatsa. Kadan ruwa da iska suka haɗu bisa ƙarfe, sai su riƙa cinsa sannu sannu, har gada ko jirgi ya lalace. Don haka a kan shafe shi da fenti. Amma ko ƙusa ce ta karce fentin, ta nan tsatsa za ta shiga, ta yi ta yaɗuwa ta ƙarƙashi ba mai gani.

A shekarar 2001 waɗansu masana na Jami'ar Illinois ta Amurka, su Scott White da Nancy Sottos, suka nuna roba mai ɗinke tsagewarta. Daga baya aka kawo dabarar ga fenti.

Ga yadda ta ke. A kan cuɗa fentin da ƙwayoyi ƙanana ainun, waɗansu ba su fi silin gashi kauri ba. Kowace ƙwaya tana da ɓawo, cikinta kuwa magani ne: ko benzotiriyazol mai tsare jan ƙarfe, ko man linsid mai bushewa in ya sha iska. Da an karce fentin sai ƙwayoyin wurin su fashe, maganin ya kwararo ya lulluɓe ƙarfen, tamkar jini a bakin rauni.

To, sai dai mu lura: ƙwayar da ta fashe ba ta sake cika. Kadan wuri guda ya sake karcewa, babu sauran magani. Watau fentin jinkirta ɓarna ya ke yi, bai ɗauke wa ma'aikaci wajibin dubawa ba.