Layi biyu a tsinken gwaji ba su ce ciki yana lafiya ba

Tsinken gwajin fitsari ya shigo ƙauyukan Damargu, kuma mu masu aikin awon ciki mun yi murna da zuwansa. Amma ya kamata matan Gangara su san iyakar abin da yake gani. Sinadari guda yake nema, wanda likitoci ke kira hCG, mabiyiya ce ke fitar da shi tun tana ɗan tsiro, kimanin mako guda bayan shigar ciki. A gwajin jini, ƙasa da 5 babu ciki, sama da 25 akwai, abin da ya faɗa tsakani sai a sake. A makonnin farko sinadarin yakan ninka duk kwana 2 zuwa 3, ya kai ƙololuwa tsakanin mako na 8 da na 11, sannan ya sauka, daidai lokacin da laulayi ke sassautawa ga mata da yawa. Saukar nan ba ɓari ba ce. Mata biyu masu ciki ɗan mako 5 kuwa, adadin ɗaya zai iya ninka na ɗayar sau goma, dukansu lafiya lau. Shi ya sa ba ma yanke hukunci da gwaji ɗaya, sai mun ga inda adadin ya nufa bayan kwana biyu.

Tsinken bai san inda cikin ya zauna ba, kuma wannan ne ke kashe mata. Cikin da ya maƙale a bututun ƙwai, wajen mahaifa, shi ma layi biyu yake bayarwa, wani lokaci na biyun dishi-dishi, har ranar da bututun zai fashe jini ya zuba a ciki ba a gani. Bayan ɓari ma sinadarin kan yi makonni kafin ya ƙare. Iyayenmu za su ce ai ciki ya kwanta ne, a sha saiwa a jira ya tashi. Da girmamawa nake cewa ɗan tayi mai rai ba ya tsayawa da girma ya ci gaba bayan watanni. In al'ada ta ɗauke wata huɗu kuma gwaji ya ce babu, a nemi dalilin a shayarwa, allurar tazarar haihuwa ko rama. In ya ce akwai kuma jini na ɗiga, wataƙila saura ne ya rage a mahaifa, kuma zai iya jawo zubar jini ko zazzaɓi mai tsanani.

Wani zai ce gwajin jini mai ƙidaya sai an dangana da babban asibiti, ga nisa ga kuɗin mota, ga kunyar bayyana ƙaramin ciki. Gaskiya ne, amma mace ba ta buƙatar lamba kafin ta gane haɗari. Ɓatan wata, layi biyu, sai ciwon mara gefe guda, ɗigon jini baƙi-baƙi, jiri ko ciwon kafaɗa: waɗannan sun isa a tafi cibiyar lafiya (CSI) a ranar, ungozoma ta tura ta Tanut ko Damagaram a yi hoton ciki. Maganar da aka faɗa wa ungozoma ba ta fita ɗakin awo. Maigida, in uwargida ta ce mararta na suka bayan ta yi ɓatan wata, nemi abin hawa a daren, kada ka jira ranar kasuwa.