Amsoshin Tambayoyinku: Koton Sitilhed Zai Kama Tarawut?

Tambaya: Ni ɗalibi ne a jihar Oregon ta Amurka. Abokan karatuna sun koya mini fatsa da koton gashi, wato a ɗaure gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya maimakon a soka tana. Ina koyon samfurin da ake kira Green Butt Skunk, na kifin sitilhed, amma nawa kullum sai ya fito da ƙaton kai. Yaya ake ɗaura shi daidai? Zan iya rage shi in kama tarawut? Idan na dawo gida kuma, zai yi aiki a ruwanmu?

Amsa: Zai kama tarawut, amma ba rage girma kawai za ka yi ba, kuma dalilin yana ga halin kifayen biyu.

Sitilhed da tarawut mai launin bakan gizo jinsi ɗaya ne. Bambancinsu shi ne ɗaya yakan zauna a rafi har ƙarshen ransa, ɗayan kuma yakan gangara tekun Fasifik, ya yi shekara ɗaya zuwa uku yana cin ƙananan kifaye, sannan ya komo kogin da aka ƙyanƙyashe shi domin ya hayayyafa. Wanda ya komo ɗin shi ne sitilhed, kuma idan ya shigo kogi ba kasafai yake damuwa da abinci ba. Saboda haka kotonsa tsokana ce: launi mai ɗaukar ido da motsi a gaban hancinsa, har ya fusata ya kai cafka. Tarawut kuwa mazaunin gida ne, ya san kowane ƙwaro na rafinsa, yana duba abu kafin ya haɗiye. Shi sai ka yaudare shi da abin da ya yi kama da abinci.

Samfurin da ka zaɓa ɗan jiharku ne. Ya samo asali ne daga kogin North Umpqua, inda aka keɓe sama da mil 30 ga masu koton gashi kaɗai, kuma galibi ana danganta shi da wani masunci, Dan Callaghan. Ga yadda ake yi. Ka ɗauki ƙugiya mai lamba 4 ko 6, ka kafa baƙin zare amma ka bar ɗan fili a bayan idon ƙugiyar. Wannan filin shi ne maganin ƙaton kan da kake kuka da shi. Ka kai zaren baya, ka ɗaure ɗan tsiron jan gashin wuyan zakara ya zama wutsiya, ka ɗaure siririn zaren azurfa ka bar shi yana reto. Sai ka naɗa koren ulu mai ƙyalli a kashi ɗaya cikin huɗu na jikin, sauran ka cike da baƙi. Ka bi da zaren azurfar zagaye huɗu ko biyar, tazararsu daidai. Baƙin gashin zakara zagaye biyu zuwa uku ya isa wuya, ka shafa shi baya da yatsu kafin ka danne.

Wurin fiffike ne ake shan wahala. Farin gashin wutsiyar maraƙi santsi gare shi, ba ya lotsawa a ƙarƙashin zare, shi ya sa sabon hannu yake ta ƙara naɗi har kai ya kumbura. Ka ɗebi rabin abin da ranka ya ba ka, ka tsefe gajerun da ke gindi, ka riƙe da babban yatsa da manuniya a saman ƙugiyar, ka yi naɗi uku masu ƙarfi, ka yanke ragowar a karkace. Tsawonsa kada ya wuce lanƙwasar ƙugiya. Ɗigon man farce marar launi zai riƙe ƙullin.

To, ga tarawut, ka sauko lamba 10 ko 12 (lamba na ƙaruwa, ƙugiya na ƙanƙancewa), ka koma zare mafi siriri. Ulu mai kauri zai mai da ƙaramar ƙugiya dunƙule, don haka ka murza ɗan gashin zomo a jikin zaren ka naɗa. Koren ya zama ɗigo kawai. Jar wutsiya ka rage ta ko ka cire. Farin fiffiken ma, a ruwa garau, ya fi kyau ka musanya shi da gashin wutsiyar kurege. A wuya kuma gashin kaza ya fi na zakara, domin laushinsa kan sa ya riƙa buɗewa yana rufewa kamar ƙafafun ƙwaro. A ganina, gashin zabo zagaye ɗaya ya fi su duka. Masu ɗaurin koton sitilhed sun daɗe suna rina shi suna amfani da shi, kuma ana sayar musu da shi a leda da tsada, abin da mu muke sharewa bayan fige zabuwa. Yadda ake jifa bai canza ba: ka jefa a karkace zuwa gangare, ka bar ruwa ya jawo koton ya ratsa kogin.

Kafin ka fita, ka karanta dokar kogin. A wurare da yawa wajibi ne ka danne ƙayar ƙugiya, kuma ka saki sitilhed ɗin daji. Na gidan kiwo ana gane shi da yankakken ɗan fiffiken da ke bayansa kusa da wutsiya.

A gida babu tarawut, don ruwan sanyi yake so. A Afirka sai a tsaunuka masu sanyi irin na Kenya, Lesotho da Afirka ta Kudu, inda Turawa suka kai shi. Amma muna da tsage da giwan ruwa, kuma a kogin Faro na Kamaru ana kama su da koton gashi. Su mafarauta ne, don haka ƙara girma za ka yi: ƙugiya mai ƙarfi, dogon fiffike, ƙyalli da yawa, ya yi kama da ɗan kifi. Baƙi yakan yi kyau ga giwan ruwa da dare. Tsage kuwa haƙoransa za su datse igiyar roba nan take, saboda haka ka sa ɗan guntun waya tsakanin koto da igiya, kuma ka ɗaura da yawa, domin kifi biyu ko uku sun isa su yayyaga guda.