Kaska, Bairas da Masu Gadin Jiki

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, darasin da na kawo muku a kan kaska ne. Kowa ya san tana shan jini, amma ba kowa ya san abin da ta kan bari a jiki ba. Waɗansu kaska suna ɗauke da bairas, watau ƙwayar cuta wadda ba ta hayayyafa sai cikin ƙwayoyin halittar mai rai.

Zan ba da misali da zazzaɓin Kirimiya da Kwango. An gane shi a Kirimiya cikin 1944, aka sami bairas ɗinsa a Kwango cikin 1956. Shanu da tumaki su kan ɗauke shi ba su kwanta ba, amma cikin mutum 100 da ya kayar, 10 zuwa 40 su kan mutu.

To, yaya jiki ya ke tsare kansa? Sa'anda bairas ya shiga ƙwayar halitta, sai ta saki wani furotin mai suna intaferon, wanda Isaacs da Lindenmann suka gano a London cikin 1957. Aikinsa na mai kururuwa ne. Da maƙwabta sun ji, sai su ƙera nasu makamai: MxA ya kan kama rigar bairas ya hana shi yaɗuwa, ISG15 kuwa a kan liƙa shi jikin waɗansu furotin domin ƙarfafa tsaro.

Bairas ma da tasa dabara. A jikin babban furotin nasa mai suna L akwai wani sashe mai aikin almakashi, yana datse ISG15 daga inda aka liƙa shi. Ya kan kuma jinkirta kururuwar har ya yi yawa. Yawun kaska ma yana sanyaya tsaro a wurin cizon.

Ashe tsere a ke yi, wanda ya riga shi ke nasara. Ga shaida: ɓeran gwaji mai lafiya ya kan tsira, amma wanda jikinsa ba ya jin intaferon cikin 'yan kwanaki ya ke mutuwa.

Domin wannan ina roƙonku ku koya wa yara, musamman 'ya'yan makiyaya da mahauta, su cire kaska da wuri, kada su murƙushe ta da yatsa, gama cutar tana cikinta.