Darasi Na Goma Sha Biyu: Jakar Mai Ciwon Sukari

Kowa ya san zabirar wanzami. Aska tana da gurbinta, ƙaho yana da nasa. In ya sa hannu, ko da duhu ne, ya san abin da zai ɗauko. To, yau za mu koyi shirin wata jaka irin wannan, ta mai ciwon sukari.

Ciwon sukari shi ne sukari ya yi yawa a cikin jini, don jiki ya kasa sarrafa shi. Mai shi yakan yi fama da ƙishirwa da yawan fitsari da rama. Likitoci sun samo maganin da a ke kira insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada a shekarar 1921. Wajen shekarar 1980 kuma ƙananan na'urorin gwada jini suka fara shiga gidajen mutane. Ba a ganin yawan sukari da ido, sai an gwada. Saboda haka duk inda mai ciwon zai tafi, gona ko kasuwa, ya kamata ya tafi da kayan gwajinsa.

Ga abin da za mu sa a jakar:

1. Na'urar gwaji, da batir guda na ajiya.
2. 'Yan siraran fallen gwaji, waɗanda a ke kira sitirip. Lalle su zama irin na na'urarmu, don kowace na'ura da nata.
3. Alƙalamin huda yatsa da alluransa.
4. Auduga da ɗan sabulu.
5. Sukari ƙwaya 4, a ƙulle a leda.
6. Littafi da fensir.
7. Kwalbar roba mai kauri mai murfi, ta zuba alluran da aka yi aiki da su.
8. Kati mai sunanmu da sunan ƙauyenmu, da kalmomin nan: INA DA CIWON SUKARI.

Mu nemi jaka mai aljihu uku. Dukawan garinmu ko tela suna iya ɗinka mana. Aljihun ciki na na'ura ne da sitirip da allurai sababbi. Na tsakiya na littafi da auduga da kwalbar tsofaffin allurai. Na waje na sukari da kati kurum, domin ko yaro ya iya samunsu da sauri. Kada mu haɗa da goro ko kuɗi ko taba.

Sitirip yana da abokan gaba biyu, zafi da danshi. Yawancinsu ba a son su zauna a zafin da ya wuce digiri 30. Ga shi kuwa da bazara zafin Sakkwato da Maiduguri yakan wuce 40. Don haka kada mu rataye jakar a rana, ko mu bar ta cikin mota. A gona mu ajiye ta ƙarƙashin inuwa. Mu bar sitirip cikin kwalbarsa, in mun zari ɗaya mu rufe nan da nan. Mu karanta watan da aka rubuta a jikin kwalbar. In ya wuce, sitirip yana iya yi mana ƙarya. Wanda ya ke yin allurar insulin, kada ya bari ta sha rana ko ta daskare. Ya tambayi malamin asibiti yadda zai adana ta.

Kafin gwaji mu wanke hannu da sabulu, mu bari ya bushe. Wanda ya sha rake ko mangwaro bai wanke hannu ba, na'ura za ta karanta zaƙin yatsansa, ba na jininsa ba. Mu huda gefen yatsa, don ya fi sauƙin zafi. Allura ɗaya, mutum ɗaya, sau ɗaya. Aron allura yana yaɗa ciwon hanta da sauran cututtukan jini.

Me ya sa muka ware wa sukari aljihu? A ce mutum ya sha magani da safe, ya kama noma bai ci kome ba. Can sai gumi ya keto masa, jiki na rawa, ido na ganin duhu. Wannan alama ce sukarin jininsa ya faɗi. In na'ura ta nuna ƙasa da 70, ko ƙasa da 3.9 a wasu na'urorin, ya tauna ƙwayoyin nan 4 maza. Bayan minti 15 ya sake gwadawa. In bai hau ba ya ƙara, in ya hau ya ci abinci. Amma fa in mutum ya suma, kada a ɗura masa kome a baki, kada ya shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a gaggauta kai shi asibiti. Nan ne katin zai yi magana a madadinsa.

Ga inda karatunmu zai yi rana. Kowane gwaji mu rubuta kwanan wata, da lokaci, da lambar da ta fito, da ko kafin cin abinci ne ko bayansa. Likita da wannan littafi zai san ko ya ƙara magani ko ya rage. Wanda bai iya lamba ba yana iya ɗaukar 17 a matsayin 71, ga shi kuwa tsakaninsu akwai rai da mutuwa.

Kowace Juma'a da yamma mu zazzage jakar, mu ƙirga sitirip da allurai, mu mayar da sukarin da muka ci. Kwalbar tsofaffin allurai in ta kusa cika, mu rufe ta mu kai asibiti. Mu rataye jakar inda hannun yara ba ya kaiwa. Da ma an ce, rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Faɗi abubuwa 8 da ke cikin jakar.
2. Waɗanne abubuwa biyu ne ke ɓata sitirip?
3. Me za mu yi in na'ura ta nuna 60?
4. Don me ba a ɗura wa wanda ya suma ruwan sukari?

Aikin Rubutu

Kowa ya rubuta kati irin na cikin jakar, da manyan baƙaƙe, ya kawo aji mako mai zuwa.