Fargaba da Ciwon Damuwa: Yadda Iyali Za Su Bambanta Su

Ma'aikacin da ke zaune a Karshi yakan bar gida tun da asuba domin ya tsere wa cunkoson motocin Jikwoyi da Nyanya, ya dawo bayan yara sun yi barci. Irin wannan gajiya takan ɓoye cututtuka biyu waɗanda iyali sukan ba su suna ɗaya, su ce tunani ne ya yi masa yawa.

Fargaba gobe take kallo. Mai ita yana tsoron abin da bai riga ya faru ba: kuɗin haya, kuɗin makaranta, sallama daga aiki. Gabansa yana ta faɗuwa, barci ya ƙi zuwa. In haka ta kai wata 6 tana hana shi sakewa, ta zama ciwo.

Ciwon damuwa kuwa daɗin yau yake kashewa. Macen da ba ta fashin zumuntar mata sai ta daina zuwa, girki ya gagare ta, ta riƙa ganin kanta ba ta da amfani. Idan haka ya wuce mako 2, kusan kullum, ba lalaci ba ne.

Sau da yawa su biyun sukan haɗu a kan mutum ɗaya. A 1 Sarakuna 19, annabi Iliya ya gudu saboda tsoron Yezebel, sa'an nan ya zauna a jeji yana roƙon mutuwa. Abin lura, mala'ikan Ubangiji bai tsawata masa a kan rashin bangaskiya ba. Abinci da ruwa ya ba shi har sau biyu, daga baya kuma Allah ya haɗa shi da Elisha. Masu saurin cewa mai bi na gaskiya ba ya irin wannan ciwo ba su karanta surar da kyau ba.

Mai fargaba yana bukatar ya faɗi abin da yake tsoro, ya fuskance shi kaɗan-kaɗan, gama gudu ƙara masa ƙarfi yake yi. Mai ciwon damuwa yana bukatar wanda zai zauna da shi, ya fito da shi waje, ko da bai nema ba. A yi addu'a tare da su, a kuma kai su Babban Asibitin Karshi. Na Karu yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Maganin damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, saboda haka kada a daina sha sai da izinin likita. Wanda ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.