Ana fasa kankare a maƙwabtanmu, ƙara ta hana mu sakat

Tambaya: Wani ya sayi tsohon gidan da muke katanga ɗaya da shi, yana rushewa zai tayar da bene. Daga sallar asuba ake kunna janareto da injin fasa kankare, ba a kashewa sai magariba. Ina da jaririya, ga surukata mai fama da hawan jini. Shin babu hanyar da za a fasa kankare ba tare da wannan ƙara ba? Me ya kamata mu yi? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Allah Ya raya jaririya, Ya ƙara wa Mama lafiya.

Ba raki kike yi ba. Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel, kuma injin nan mai dukan kankare yakan kai 100 ko fiye a kunnen mai riƙe da shi. Masana lafiyar ma'aikata sun tsayar da 85 a matsayin iyakar da kunne zai jure na awa takwas, a 100 kuwa kwata ɗaya na awa ya isa. Nisa yana taimako, domin a fili duk lokacin da tazara ta ninka, ƙarar takan ragu da kimanin desibel 6. Sai dai ku katanga ɗaya kuke, dukan yana bin bango da ƙasa ya shigo ɗaki. Shi ya sa ko kin rufe taga kike jin kwanuka suna rawa a kan kanta.

Hanyoyin fasa kankare cikin sauƙin ƙara akwai su. Wadda ta fi dacewa da gidan unguwa ita ce ta garin fasa dutse, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Dexpan da Bristar da Betonamit. Ana huda ramuka a jere a jikin kankaren, faɗin kowanne kamar santimita uku zuwa huɗu, a dama garin da ruwa, a zuba. Yayin da yake daskarewa sai ya kumbura, ya riƙa tura kankaren daga ciki har ya tsage, wani lokaci cikin 'yan sa'o'i, wani lokaci sai ya kwana. Daga nan leburori su ɓamɓare da ƙarfen haƙa da guduma. Babu girgiza, ƙura kaɗan ce.

Amma kada wani ya ce miki shiru ake aikin gaba ɗaya. Huda ramukan da inji ake yi, yana da tasa ƙarar, bambancin kawai shi ne na ɗan lokaci ne. Garin kuma ba ya yanke rodi, don haka bayan kankare ya tsage sai an kawo injin yankan ƙarfe. Ga kuma zafin ƙasarmu. Idan rana ta gasa kankare, haɗin yakan yi saurin zafi ya feso daga rami da ƙarfi, yana iya makanta mutum. Masu aikin da suka san abin da suke yi da ruwan sanyi suke damawa, da sassafe suke zubawa, suna sayen nau'in da aka yi don yanayin zafi, su sa tabarau, kuma ba wanda zai leƙa ramin.

Akwai kuma yanka da zarto ko igiyar ƙarfe mai ƙwayoyin lu'ulu'u, ana yi ana zuba ruwa, a fitar da kankare gunduwa-gunduwa. Yana da ƙara, amma ba ya jijjiga bango, kuma shi ne ya fi kyau a daidai inda ginin ya haɗu da naku. Sai injin da ake cusawa cikin rami ya buɗa da ƙarfin mai, da muƙamuƙin da ake ɗaura wa katafila tana tauna kankare. Waɗannan na manyan kamfanoni ne, da wuya ki gan su a lungu.

Duk waɗannan sun fi injin duka tsada, ɗan kwangila kuwa ba zai ƙara wa kansa kuɗi don barcin maƙwabci ba. Saboda haka maganar ta mai gidan ce, shi da ke biya. Leburan da ke riƙe da injin ba shi da ta cewa, shi ma kunnensa ke tafiya a banza. Maigidanki ya samu wani dattijon layin su je wurin mai ginin da sallama da fatan alheri, su tafi da buƙatu ƙayyadaddu. A ganina lokaci ne abin da ya fi sauƙin samu, kuma ya fi komai amfani. A fara aikin ƙara bayan takwas na safe, a dakata daga azahar zuwa la'asar, kada a yi da dare. A matsar da janareto da injin kwaɓa siminti can ɗaya gefen filin. A riƙa yayyafa ruwa, domin ƙurar kankare tana ɗauke da ɓurɓushin yashi mai illa ga huhu. A kuma faɗa muku ranakun da za a yi fasa mai yawa, ku kai Mama da jaririya gidan 'yan uwa su wuni. Idan mai ginin mai fahimta ne, sai a kawo masa batun garin ko zarton, ko da a gefen katangarku kawai.

In ya ƙi ji, mai unguwa ne mataki na gaba, kuma yawancin irin wannan a zaurensa take ƙarewa. Bayansa akwai KNUPDA mai ba da izinin gini a Kano, da hukumar NESREA ta tarayya, wadda ke da dokar taƙaita ƙara tun 2009.

Kafin nan, ki mayar da shimfiɗar jaririya ɗakin da ya fi nisa da katangar, kada ki cusa mata komai a kunne. Manya su sayi abin toshe kunne na soso a kemis, auduga ba ta tare ƙara sosai. Yau ɗin nan kuma a ɗauki hoton bangon da waya, ciki da waje, a nuna wa mai ginin a gaban shaida, domin in tsagewa ta fito daga baya ba za a ce dama can tana nan ba.