Darasi: Kafin Tsohuwar Wayarki Ta Bar Hannunki

Darasinmu na wannan fitowa a kan sauya waya ne, kuma daga wani kuskure da ni kaina na yi na ɗauko shi. Na daɗe ina jin nauyin rubuta shi, amma na ga cewa ramin da na faɗa yana nan buɗe a gaban duk wadda Allah Ya hore ma sabuwar waya.

Tun 2018 nake riƙe da wata Tecno. Shekara shida muna tare, gilashi ya tsage, batir ya kumbura har sai da na ɗaure bayanta da roba. Abin da ya fi damuna shi ne kullum tana kukan ta cika. Ni kuwa malamar Islamiyyar matan aure ce a nan Gidan Katta, saƙon murya ba ya yanke mani. Don haka duk lokacin da ta cika, sai in kwashe hotuna da muryoyi in mayar cikin memori, wannan ɗan ƙaramin kati da ake sakawa a gefe. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A ƙarshen 2024 yayana da ke kasuwanci a Kano ya aiko mani da Samsung Galaxy S24. Ba zan ɓoye maku ba, na ji daɗi. Shafin littafi in na ɗauki hotonsa, har wasali da ɗigo suna fitowa tas, in tura ma ɗaliban da ba su samu zuwa ba. Caji ɗaya yana kai ni dare, abin da duk mai zaune inda wuta ba ta tsayawa ta san darajarsa. Kamfanin ma ya yi alkawarin zai yi shekara bakwai yana sabunta manhajarta. Amma da kuɗina ne da ban saya ba. Tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta haura 1,500 a farkon 2024, irin waɗannan manyan wayoyi sun wuce naira miliyan ɗaya. Na san wadda ta kwashe adashenta ta ƙara da bashi don kada a fi ta a gidan biki, ta yi wata takwas tana ɓuya in mai kuɗi ta yi sallama. Wadda aikinta kira ne da WhatsApp da sauraron karatu, wayar da ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan kuɗi ba za ta ishe ta.

Da na buɗe kwalin, sai na ga waya da igiya kawai, babu kan caja. Har na ce an cuci yayana. Ashe haka suke zuwa yanzu: Apple ya daina saka kan caja tun 2020, Samsung ya bi sahu a manyan wayoyinsa a 2021. Bakin cajin ma ba irin na tsohuwa ba ne, babu ramin saka abin sauraro na kunne, kuma babu wurin saka memori.

Mu 'yan bakin iyaka akwai abin da ya shafe mu wanda bai shafi matan Sakkwato ko Kano ba. Da yawanmu layi biyu gare mu, na Nijeriya da na Nijar, saboda dangi da ciniki a Ƙonni. To, kafin a biya kuɗi a tambaya layi nawa wayar ke ɗauka. Musamman iPhone 'yar hannu: daga iPhone 14 ta 2022, wadda aka yi don kasuwar Amurka ba ta da wurin saka sim ko kaɗan, sai layin da ake ɗorawa ta intanet. Sannan waya takan kama sabis ɗin ƙetare da kanta in ya fi ƙarfi, ki ga katinki yana zurarewa alhali kina tsakar gidanki. A cikin saitin akwai inda ake zaɓar sabis da hannu, a kuma kashe datar ƙetare. A yi shi tun ranar farko.

Yanzu ga kuskuren. Ɗan yayar maigida, wanda ya iya waya, shi ya kwashe mani lambobi da hotunan da ke cikin tsohuwa zuwa sabuwa da wata manhaja mai suna Smart Switch. Ya dawo da WhatsApp, ya ciro layukana, sannan ya yi ma tsohuwar abin da masu gyara ke kira fomat, wato a goge komai ta koma kamar ranar da ta fito daga kamfani. Na kunna na gani da idona, fes. Sai na ba ƙanin maigida ya kai ta kasuwar Illela ranar Lahadi ya sayar. Da yake sabuwar ba ta da wurin memori, babu abin da ya tuna mana da shi. Ni ban tuna ba, yaron bai tuna ba. Kuma fomat ɗin waya ba ya taɓa abin da ke cikin memori.

Bayan kwana goma ina neman wani karatun tajwidi da na ajiye, sai gabana ya faɗi. Karatun ba shi ne abin damuwa ba. A cikin katin nan akwai hotunan walimar saukar ɗalibaina, waɗanda aka ɗauka a ɗaki, mata zalla, an tuɓe hijabi ana nuna lalle. Akwai kuma muryoyin shekara da shekaru na matan da ke turo mani tambaya: wannan a kan jinin da ya rikice mata, wannan a kan maganar da miji ya furta cikin fushi ko ta zama saki, wata tana kuka tana faɗin abin da ko mahaifiyarta ba ta gaya ma ba. Kowace da muryarta, wasu har suna ambaton sunan mai gidansu. A gari irin namu, inda ake gane mutum da tarinsa, wannan ya isa ya kashe aure.

Na gaya ma maigida a daren. Bai yi mani faɗa ba, ya dai ce, "Malama, wagga magana ba ta kwana." Da safe suka je wurin wanda ya saya, ya ce ai tun ranar ya sayar ma wani mutumin Ƙonni. Ranar Laraba maigida ya ƙetara, ya yi ta tambaya a rumfunan masu waya har Allah Ya haɗa shi da mutumin. Dattijo ne mai mutunci. Ya ce shi bai buɗe komai ba, ya kai katin shago an goge an zuba masa wa'azi da labarai. Maigida ya biya shi kuɗin sabon kati ya karɓo wancan. Sai dai wanda ya goge ɗin, ko ya duba, ko ya kwafa kafin ya goge, Allah kaɗai Ya sani. Har yau da nake wannan rubutu ba mu ji komai ya fita ba, kuma har yau in na ga an turo hoto a wani zaure na WhatsApp sai na ji wani abu a ƙirjina kafin ya buɗe.

Abin da ya fi wuya shi ne gaya masu. Zuciya ta ce in yi shiru tunda an samu katin. Amma sirrin nasu ne, kuma in wani abu ya fito gobe, gara su ji daga bakina yau. Na tara su bayan karatu na faɗa. Mafi yawa suka ce Allah Ya kiyaye gaba. Wata dattijuwa daga baya ta ce, "Malama, mu da munka ba ki don mun san ba ki faɗi ma kowa, ashe ajewa kike?" Ban samu amsa ba. Gaskiya ta faɗa. Ban taɓa tambayar kowa izinin ajiye muryarta ba, kawai ban goge ba ne.

A nan darasin yake. Mun saba da cewa amana ita ce kuɗi ko gwal da aka ba mu ajiya. Malamai sun karantar da mu cewa maganar da aka yi maki a asirce ita ma amana ce, kuma wanda aka ba ajiya in ya yi sakaci, alhaki yana kansa ko da bai yi nufin ɓarna ba. Ki buɗe wayarki yanzu ki duba: hotuna nawa ne naki, nawa ne na matan mutane? Amaryar da kika ɗauka ranar kamu, maijegon da kika ɗauka tana shayarwa, ba su ba ki don su zagaya kasuwa ba.

Saboda haka in za ki sauya, kada ki yi gaggawar rabuwa da tsohuwa. Ki bar ta a akwati ko da mako biyu, har ki tabbata duk abin da kike buƙata ya koma. Ki fara da ciro memori da layi da hannunki, ki leƙa ramin ki ga babu komai. Memorin da ya taɓa ɗaukar sirri kada a sayar, kada a ba yaro, domin akwai manhajojin da ke dawo da abin da aka goge daga cikinsa. In kin gama da shi ki karya shi. Sannan ki fita daga asusunki na Google kafin a yi fomat. In ba a fita ba, wayar takan kulle ta nemi lambar sirrinki, sai mai saye ya dawo yana neman ki ba shi, wasu kuma don kunya su bayar, alhali wannan asusun ne ke riƙe da lambobinki da hotunanki. Manhajar banki ma a fita a cire ta. Ki sani kuma goge hoto ɗaya-ɗaya bai wadatar ba, wayoyi da yawa suna da kwandon da ke riƙe abin da aka goge har kwana 30.

WhatsApp yana da wata lambar sirri mai alƙaluma shida da za ki zaɓa da kanki, ta yadda ko wani ya samu layinki ba zai iya buɗe WhatsApp ɗinki a wata waya cikin sauƙi ba. Ki saka, ki rubuta a takarda ki adana inda kike adana takardar asibiti. Game da layi, wasu in sun yi sabuwar waya sai su yi sabon layi su jefar da tsoho. Tun Disamba 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, wato layin nan sunanki yake ɗauke da shi. In kuma ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani kan sake sayar da lambar, sai saƙon bankinki ya riƙa zuwa ma baƙo. Ki je banki a sauya lambar kafin ki yar da shi.

In dole sai an kai shago a yi maki wannan aiki, maigida ko ɗanki ya tsaya a kai har a gama. Kada a bar waya ta kwana, kada a aika yaro da lambar buɗewa a rubuce. Ba zargin masu sana'a nake yi ba, da yawansu 'ya'yanmu ne masu tsoron Allah, amma shago wuri ne da hannu goma ke taɓa abu ɗaya.

Wajen sayarwa kuma a faɗi aibi. Tawa batir ya kumbura kuma lasifikarta na shaƙewa, na sa ƙanin maigida ya faɗa tun kafin a yi ciniki, ko da kuɗin ya ragu. Ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma mai saye yana da haƙƙin mayarwa in ya gano. Wadda za ta sayi 'yar hannu ita ma ta nemi rasit, ta danna *#06# ta ga ko lambar da ta fito ta yi daidai da ta jikin kwali, don kada a shigo mata da kayan sata gida.

Ni yanzu duk tambayar da aka turo, ina amsawa nake gogewa, har da kwandon. Hoton walima kuma mun yi doka a makaranta, ba a ɗauka sai kowa ta mayar da hijabinta. Dattijuwar nan tana nan tana zuwa karatu, tana sahun gaba ma, amma ba ta ƙara turo mani murya ba. In tana da tambaya sai ta jira kowa ya watse, ta matso kusa, ta fara duban inda na aje wayar.